Abin da Na Zuba a Cikin Ganuwar Rumawa

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar bayan ganuwa, a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi irin na ɗa ga wadda ta haife shi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, makwancinki da haske da yalwa. Ni ne Iro, wanda kike ce wa yaron Sule. Ina rubuto miki daga Riyad, can bayan gari gaba da Badi'a, a daidai lokacin da zafin rana ya kore mu daga bakin aiki.

Na san takarda ba ta isa inda kike. A shafina na intanet zan sa ta, 'yan'uwa da abokan zama su karanta, wasu su yi mini addu'a, wasu su ce Iro wawa ne. Duk na yarda. Amma da ke nake magana, kuma yau ce rana ta farko da zan yi miki doguwar magana, don kin san abin da ke tsakaninmu, kunyar ɗan fari. Shekarata arba'in da uku ban taɓa jin sunana a bakinki ba. In na durƙusa ina gaishe ki, sai ki kau da kai ki amsa wa bango. Tun ina shekara bakwai kika miƙa ni ga wanki, Kawu Sule magini, daga nan na zama yaron Sule har furfura ta fito mini a gemu.

Ga dalilin takardar. Na yi alkawarin zan iso gida ranar Alhamis ɗin da ta wuce, ban zo ba. Ƙanwata Rakiya ta share ɗakinki ta turara, matata ta yi lalle, yara sun ƙi zuwa makaranta suna jiran mota. Kawu Sule kuma ya wanke babbar rigarsa, zai kama hannuna ya kai ni kabarinki. Shi kaɗai ya riƙe wurin. Su Rakiya mata ne, ba sa shiga maƙabarta, waɗanda suka ɗauki makara kuwa kowa ya kama gabansa. Kawu ya kifa wani fasasshen kasko a wajen kanki, ya ƙirga taku daga wata bishiyar darbejiya. To idon Kawu ya fara yana, kasko kuma ba ya jure kofaton shanu. In damina ta sauka tudun ya kwanta, ciyawa ta rufe, aka jera sababbi a gefe, shi ke nan. Shi ya sa nake ta haƙilon in zo kafin ruwan fari.

Ba jirgi ne ya tsere mini ba, Inna. Ni na hana kaina. Ki yi haƙuri ki ji yadda aka yi.

Kin san shekara huɗu ke nan da na zo ƙasar nan. Ku a gida duk Makka kuke ce mata, alhali tsakanina da Makka tafiyar yini guda ce a mota, sau ɗaya tak na je. Da fari ina zaune a unguwar Ulaisha, mu shida a ɗaki ɗaya, muna bin aikin birkila duk inda ya faɗo. Daga baya wani attajiri da ake kira Abu Fahad ya ga hannuna a wani gini, ya mayar da iƙamata, wato takardar zama, ƙarƙashin sunansa. Ya zama kafilina. A takarda aka rubuta ni ma'aikacin gida, irinmu kuwa ba ma fita ƙasar nan sai ya sa hannu. Fasfona ma yana cikin durowarsa. A lokacin murna na yi, har na aiko miki da atamfa.

Shi Abu Fahad yawon buɗe ido ya je ƙasar Sifen, ya ga wani tsohon birni na Rumawa da ganuwarsa ta dutse, ta zagaye gari kaf, ga hasumiyoyi masu kumburi kamar rumbu jere a jikinta, mutane suna yawo a bisanta da yamma. Ya dawo da hotuna cike da waya, ya ce shi ma sai an yi masa irinta a gidan hutunsa na bayan gari. Haba, Inna! Gidan da ba kowa a ciki sai dabino da ciyawa da tantabaru, wa zai kawo masa yaƙi? Amma mai kuɗi in ya ga wata ya ce a sauko masa da shi, tsani ake nema.

Aka ɗauko injiniya, wani ɗan Sudan mai sanyin magana, kowa Muhandis yake ce masa. Ya zaunar da ni ya buɗe mini zane. Ya ce ganuwar nan ta haura shekara dubu da ɗari biyar tana tsaye, kuma sirrinta ba a fuska yake ba. Rumawa bango biyu suke tayarwa na gyararren dutse, ɗaya a waje ɗaya a ciki, su bar fili a tsakani. Sai su zuba ɓaraguzan duwatsu a filin, su kwarara kwaɓi a kai, su daddanna har ya ratsa kowane lungu, su jira ya kama, sannan su ɗora wani sahun. In ya bushe, bango biyun da cikinsu sun zama dutse guda. Ya nuna mini hoton wani wuri da ganuwar ta gutsure, ana ganin cikinta a cure.

Wallahi da na ga hoton nan sai da tsigar jikina ta tashi, don na taɓa ganin irinsa. Ina yaro, Kawu ya kai ni inda aka yanka ganuwar garinmu aka fitar da titi. Ya kama hannuna ya manna a jikin yankan, jar ƙasa a dunƙule tun daga wannan gefe har wancan, babu rami ko na shigar ɓera. Ya ce, "Duba da kyau. Wanda ya yi wannan bai san wata rana za a yanka a gani ba." Na gaya wa Muhandis wannan magana, ya yi dariya ya ce ashe kawuna Barume ne.

Aka ba ni leburori takwas, 'yan Bangaladash, ni ne babbansu. Aka ce ba a son ƙarfe a ciki, yadda Rumawa suka yi haka za a yi. Na ji daɗin aikin, ba zan ɓoye miki ba. Tunda na zo ƙasar nan bulo nake jerawa kamar mai jera kwalin ashana, sai ga aikin da ke son ido da haƙuri. Mu ɗora sahu, mu cika ciki, mu danna, mu yayyafa ruwa, mu matsa gaba mu bar shi ya kama. Gabas ta tashi, arewa ta tashi, kudu ta tashi. Duk wanda ya wuce a titi sai ya rage gudu ya ɗauki hoto.

Abin da ban lura da shi ba, daga ciki nake ginawa. Ɗakin kwanana yana cikin gidan. Da can in na fito da safe ina hango titi, da motocin ruwa, da raƙuman wani makiyayi can nesa. Sannu a hankali titi ya ɓace, raƙuma suka ɓace, iskar da ke shigo mini ta taga ta ɗauke. Ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe, kuma daga wayar Abu Fahad ake buɗe ta. Na wayi gari ba na ganin komai sai dutsen da na jera da hannuna da guntun sama a bisa kai.

Saura ɓangaren yamma, wajen ƙarshen daminarku ta bara, Rakiya ta bugo ta ce ƙafafunki sun kumbura, abinci ba ya zama. Na ce ta ba ki wayar. Ina jin numfashinki a kusa, amma kika ƙi karɓa. Na ji kin ce mata, "Ki ce wa mutumin Makka ya gama wa mutane aikinsu tukuna, ba inda za ni." Rakiya ta maimaita mini kamar ban ji ba.

Inna, na san ki. Da ciwon ƙarami ne cewa za ki yi kada a gaya mini. Tunda har kika aiko da saƙo, na san kira ne.

Na je wajen Abu Fahad na roƙe shi sati biyu kacal. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya ba ki lafiya, gobe in sha Allahu za mu yi magana. Goben nan tasu, Inna, ba ta da rana a kalanda. Na koma, ya ce gobe. Na sake komawa har da hawaye, ni da gemuna. Sai ya fito mini a mutum, ya ce ya ga irina da yawa, in sun tafi ba sa dawowa, wa zai ƙarasa masa ganuwa? Ya ce ranar da na ɗora dutsen ƙarshe, ranar zai sa hannu. Na fito ina jin kamar in haɗiye zuciya in mutu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ban ce na yafe wannan ba tukuna.

Na zauna na auna aikin da ya rage. In an bi ƙa'ida, wata biyu da rabi. Ba jera dutsen ne ke cin lokaci ba, cikin ne, kwaɓawa da dannawa da jiran ya kama. Muhandis kuwa ranar Asabar kawai yake leƙowa, don yana da wasu gine-ginen a cikin gari.

Ya taɓa ba ni labari cewa wasu biranen Rumawa cikin firgici suka yi ganuwarsu, abokan gaba na tafe, har duwatsun kaburburan iyayensu suka tumɓuke suka saka a gini don sauri. Shaiɗan ya ɗauko mini wannan labari ya wanke shi tas ya ajiye a gabana. Ya ce ka gani, su ma da suka matsu abin da ya samu suka zuba. Ya ɓoye mini ƙarshen maganar Muhandis, inda ya ce duk saurinsu ba su yi rowar kwaɓi ba.

Tsakanin hasumiya ta biyu da ta uku a yamma, tsawon taku goma sha biyar, na sa aka tayar da fuska biyu da sauri, kyawawa, ba ka ce. Cikin kuwa na ce a juye baro kawai. Ɓaraguzai, busasshen yashi, fasassun bulo, buhunan siminti da aka zazzage, har gorunan ruwan da muka sha. Babu kwaɓi ko cokali ɗaya. Da muka kai sama na shimfiɗa kankare kaurin tafin hannu na rufe. Babban leburan ya tsaya da cebur yana kallona, na daka masa tsawa na ce aikinsa ne ko nawa. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Asabar Muhandis ya zo ya shafa jikin dutse ya ce ma sha Allahu, hannuna ya faɗa sosai.

Sauri ya haifi nawa. Saura kwana tara in gama, ina bisa tsani da hantsi, waya ta yi ƙara a aljihuna. Kawu Sule ne da kansa, shi da bai taɓa kirana ba. Ya ce, "Iro, sai haƙuri." Na sauko a hankali, na wanke hannuna, na zauna a kan bulo. Kafin azahar sun kai ki. Na ci amanar sana'ata don in same ki da rai, ban same ki ba, kuma amanar ta riga ta ciwu.

Bayan nan ban ƙara zuba shara ba. Sauran na cika shi yadda ya kamata, don babu sauran abin da nake wa sauri. Abu Fahad ya yi mini ta'aziyya, ya yanka rago sadaka, ya kuma ce tunda mai afkuwa ta afku, in tsaya in ƙarasa matakala da hanyar bisa ganuwa da adon ƙofa. Wata biyar suka tafi a haka. Ban yi musu ba. Na san abin da na binne masa.

Da sanyi ya wuce sai ya fara kawo mahaifiyarsa gidan. Tsohuwa ce tukuf, a keken guragu, 'yar aikinta tana tura ta. Aka zagaya da ita ko'ina ta zaɓi wurin zama. Inna, duk faɗin gidan nan, duk dabinon nan da rumfunan da aka kashe wa dukiya, ba inda ya yi mata sai gindin ganuwar yamma, tsakanin hasumiya ta biyu da ta uku. Wai nan inuwar la'asar ta fi sanyi. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo butar gahawa, wurin ya zama nata. Kullum daga la'asar har kiran magariba tana nan da carbinta, bayan kekenta a jingine da dutse.

Na ce wa kaina ai fuskokin suna da ƙarfi, za su riƙe. Sai ga ruwan bazararsu, wanda ba ya zuwa sai ya zo da hauka. Kwana biyu ana zuba shi. Kankaren sama ya yi 'yar tsaga, ruwa ya samu hanya. Da aka ɗauke, na je da sassafe na ƙwanƙwasa dutsen da ƙotar guduma yadda Kawu ya koya mini. Ko'ina a ganuwar nan in ka buga, ƙarar a toshe take dawowa. Nan kuwa sai ta amsa mini kamar tulun da babu ruwa. Na hau sama na sako zare da ɗan ƙarfe a bakinsa. Bango ya yi ciki, ya turo waje da kaurin yatsa biyu. Bayan sati na sake aunawa, yatsa uku. Sharar da na zuba ta jiƙe, ta zauna, tana tura fuskar ta ciki, daidai kan inda tsohuwa take zama.

Ana cikin haka Abu Fahad ya kira ni, fuskarsa a sake. Ya buɗe durowa ya miƙo mini fasfona, ya nuna mini a waya ya sa hannu a bizar fita, ga tikiti na ranar Alhamis, hutun wata uku. Ya ce na cika alkawari, shi ma ya cika. Na karɓa na tsaya ina jujjuya shi, ya ɗauka murna ce.

Ranar Juma'a na samu aka buɗe mini ƙofa, na shiga gari. Bayan masallaci na haɗu da Bala direba, abokin ɗakina na Ulaisha, muka zauna shan shayi a Dira, kusa da tsohuwar fadar Masmak. Ginin ƙasa ne, Inna, jawur, da za ki gan shi cewa za ki yi maginan garinmu ne suka yi. Duk sanda kewa ta dame ni nan nake zuwa in tsaya ina kallo. Na kwashe komai na gaya wa Bala. Ya ajiye kofi ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai dai anya ba a yi maka asiri ba? Ganuwar ubanka ce? Mutumin da ya hana ka ganin uwarka, shi kake wa tausayi? Hau jirginka, malam. In ta faɗi kana Zariya kana cin tuwo. Ka buɗe baki a ƙasar nan, sai dai jikokinka su zo ɗaukar ka."

Ban ga laifinsa ba, don duk abin da ya faɗa na riga na faɗa wa kaina. Na ma ƙara da nawa. Na ce in na isa gida sai in bugo wa Muhandis in gaya masa daga nesa. Amma na san halin mutanen nan, za su ce gobe, su aiko wani ya shafa siminti a tsagar, tsohuwa kuma ta ci gaba da zamanta. Kuma leburorin nan takwas da ba su da baki, su za a kama. Duk da haka na sayi tsaraba, Inna. Na sayi turare da dabino da takalman yara, na ɗaure jaka. Niyyata in tafi. Gara in faɗa miki gaskiya, kada masu karantawa su ɗauka wani waliyyi ne ke rubutu.

Ranar Laraba da la'asar, jirgi saura kwana ɗaya, 'yar aikin ta zo ta ce tsohuwa tana kirana. Ban taɓa matsawa kusa da ita ba. Na je na durƙusa daga ɗan nesa. Ta sa aka ajiye mini kwalin dabino da farin yadi, ta ce in yi sadaka da su a gida. Sai ta ce, da 'yar muryarta, "Ya waladi, ɗana, jiya nake jin mahaifiyarka ta rasu kana gina mini wannan inuwa. Ba wanda ya gaya mini. Da na sani, da ɗana ya sake ka ko yana so ko ba ya so. Yaya sunanta?"

Na faɗi sunanki, Inna. Ban taɓa faɗinsa da ƙarfi ba sai ranar. Ta ɗaga hannuwanta biyu tana kiran sunanki tana roƙa miki gafara. Ni kuwa idona yana bisa kanta. Wata tsaga ta buɗe a jikin dutsen har ɗan yatsa zai shiga, wani siririn yashi yana zubowa daga ciki, yana sauka a kafaɗar baƙar abayarta. Ita ba ta ma ji ba, addu'a take yi miki.

Ban san sanda na miƙe ba. Na yi wa 'yar aikin tsawa na ce ta janye keken nan yanzu-yanzu, ta kai ta can gindin dabino. Tsohuwa ta tsorata, butar gahawa ta kife. Abu Fahad ya fito da gudu daga falo yana tambaya ko na haukace.  Na je na ɗauko babbar guduma, na ce kowa ya ja baya, na sami dutse ɗaya a ƙasan kumburin na ba shi uku. Ya faɗa ciki. Na ja da baya.

Sai ga shi yana zubowa. Yashi, ɓaraguzai, guntayen bulo, yagaggun buhuna, suna kwararowa ta ramin har suka binne dardumar. Wata gorar ruwa ta gangaro ta tsaya a gaban takalminsa. Duwatsu huɗu na sama suka saki suka rufto daidai inda bayan keken yake jingina. Ƙura ta tashi, ta lafa.

Na ce masa ni na yi. Na ce leburori umarnina suka bi, Muhandis kuma bai sani ba. Na gaya masa watan da na yi da dalilin da ya sa. Na so ya zage ni, ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya dubi mahaifiyarsa can gindin dabino, ya daɗe yana kallonta, ya dubi tarin sharar. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfo. Na shiga ɗaki na zaro shi daga jakar da na ɗaure na kawo masa. Ya ciro waya ya danna abin da zai danna a gabana, ya soke bizar. Ya ce ba zai kai ni wurin hukuma ba, albarkacin na yi magana. Amma ba inda za ni sai na rushe yamma na sake ta, kuma sai an huda sauran ganuwar gaba ɗaya an tabbatar ba haka take ba.

Muhandis ya zo washegari ya riƙe kai. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ya Ibrahim, da ka gaya mini, da ni na je na roƙe shi." Wataƙila da ya yi, wataƙila da an ce masa gobe. Allah kaɗai ya sani. Ya ce aikin zai ci wata huɗu in an yi sa'a, ga zafi ya shigo, rabin yini ba a taɓa dutse.

Ranar Alhamis ɗin ina bisa ganuwa ina sauke duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Jirage suna wucewa can sama, ban san wanne ne nawa ba. Na bugo wa Rakiya na gaya mata, ta yi kuka ta ce ni dai ban iya zuwa a kan lokaci ba.  Kawu Sule ya sa aka ba shi waya, ya saurara har na gama. Sai ya ce, "To ka cika shi da kyau wannan karon." Ya mayar wa Rakiya wayar.

Bala ya ce shi ya cire hannunsa daga lamarina, amma jiya ya aiko mini da tuwo da miyar kuka a kula. Tsohuwa ba a ƙara kawo ta ba. Ƙofa tana rufe, jakata tana nan a ɗaure a lungu, na kasa kwance ta. Takalman yaran ma kafin in je sun yi musu kaɗan. Wani lokaci in na ɗaga kai na ga dutse ta gabas, dutse ta yamma, dutse ta kudu da arewa, sai in ji kamar in kurma ihu. Na gaji, Inna. Ina kewar gida, ina kewarki, kuma ina jin kunyarki fiye da wadda na ji kina da rai.

Ban yi nadamar ɗaukar gudumar nan ba. Abin da nake nadama shi ne baron farko da na ce a juye. Da tsohuwar nan ta mutu a ƙarƙashin aikina tana kiran sunanki, da wane ido zan tsaya a kanki?

Shekaranjiya Rakiya ta turo mini saƙo, an yi ruwan fari a Zariya, mai ƙarfi, har ya kayar da dangar maƙwabta. Na ce a roƙi Kawu ya je ya duba. Ya je da sandarsa, ya samu darbejiyar, ya ƙirga takunsa. Kaskon ba ya nan. Ya ce akwai tudu uku a jere a wurin, duk ruwa ya kwantar da su, yana zaton na tsakiya ne, amma ba zai rantse ba. Wannan ruwan fari ke nan, saura na wata huɗu.

Innata, ki yafe mini. Ban zo jinyarki ba, ban ɗauki makararki ba, ga shi kuma zan zo ban san inda kike ba. In Allah ya buɗe mini ƙofar nan, zan shiga maƙabartar in tsaya a gindin darbejiya, in yi sallama ga duk wanda ke kwance a wurin, in yi addu'ar da za ta ishe su gaba ɗaya. Taki tana ciki.

Ya Allah, kai ka san inda take ko da mu mun ɓata. Ka gafarta mata, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya mata ƙasa, ka sa ruwan da ke sauka a kanta ya zama rahama. Ka ƙara wa Kawu Sule lafiya da hasken ido. Ka ja kwanan tsohuwar da ta roƙa mata gafara. Ni kuma ka yafe mini abin da na zuba, ka ba ni ƙarfin kwashe shi, ka fitar da ni daga nan ina mai gaskiya. Amin.

Rana ta yi sanyi, leburori sun fara kwaɓi, bari in tashi.

Ɗanki na fari,
Iro, yaron Sule,
daga cikin ganuwa, Riyad.